Bayani A Kan Sayen Tsohuwar Akori-Kura Da Gyaranta

 

 Duk shekara in kaka ta gabato, mai saro hatsi ko albasa ko tattasai a kasuwannin ƙauye yakan zauna ya yi lissafi, ya ga kuɗin dako ya cinye masa rabin riba. Daga nan sai zuciya ta ce masa, ai gara in mallaki tawa motar. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka sai ido ya koma kan tsohuwar akori-kura. To, akwai wanda tsohuwar mota ta zame masa sanadin arziki. Akwai kuma wanda ta cinye jarinsa kaf, yau tana ƙofar gida a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. Bambancin mutanen nan biyu, bayan ƙaddara, yana ga abin da kowannensu ya yi kafin ya ƙirga kuɗi, da kuma yadda ya bi da gyara bayan ya saya. Shi ne muka ga ya kamata mu yi bayani dalla-dalla.

Fasali na 1: Wace iri za ka nema

Tsofaffin akori-kura da suka fi yawa a kasuwanninmu gida biyu ne. Na farko gidan Peugeot, wadda muke cewa Fijo. An fara yin 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa su a Kakuri ta Kaduna, shi ya sa suka cika ƙasar nan, kuma har yau da wuya ka je gari ka rasa bakaniken da ya san cikinsu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna ce wa 404 kat-san-kat. An daɗe da daina ƙera su, saboda haka duk wadda ka gani a yau ta sha duniya. Na biyu gidan Japan, watau Toyota Hilux wadda aka fara yi a 1968, da Datsun ko Nissan, da Mitsubishi L200, da Isuzu. Hilux ta fi tsada wajen saye, amma ta fi riƙe darajarta ran da za ka sayar.

Kada ka fara tambayar wacce ta fi kyau. Tambayi wacce ce kayanta ke kusa da kai. In motarka ta kwanta ran kasuwar Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, ƙarfen da ya karye ana samunsa a garin, ko sai an aika Kano, ko sai Ikko? Motar da ke kwana bakwai tana jiran ƙarfe ɗaya ba ta 'yan kasuwa ba ce.

Sa'an nan ka duba hanyarka. Mai bin kwalta da burji ba ya bukatar mai ja da ƙafa huɗu, don ta fi shan mai, ta fi yawan abin lalacewa. Amma mai shiga rairayi ko fadama da damina, wannan ita ce tasa. Haka kuma mai kujera layi biyu tana ɗaukar mutane, amma bayanta gajere ne. In kaya ne sana'arka, nemi mai kai ɗaya. Ka kuma guji mai sitiyari a dama. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, watau sitiyari a hagu, kuma wadda aka juya wa sitiyari a gareji ba abin amincewa ba ce da kaya a bayanta.

Fasali na 2: Lissafi kafin ciniki

Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne su zuba duk abin da ke hannunsu wajen saye. Shawararmu, a cikin kowace naira 100 da ka tanada, kada kuɗin saye da la'ada su wuce 60. Ka ajiye 30 don gyara, 10 don takardu da abin da ba a zata ba. In motar da ka gani ta fi ƙarfin wannan kason, ba taka ba ce tukuna. Kuma kada ka taɓa jarin da kake juyawa, don mota ba ta sayen hatsi. Me za ka loda mata in jarin ya tafi?

Irin waɗannan motoci an yi su don ɗaukar kimanin tan ɗaya, watau buhu 10 mai kilo 100, ko da ɗan ɗoriya kaɗan. Da wannan za ka yi lissafi, ba da buhu 20 da kake gani ana lafta musu ba. Rubuta abin da kake biya na dakon buhu 10 daga kasuwar ƙauye zuwa Dawanau, ko daga Kwanar Gafan zuwa 'Yankaba. Sa'an nan rubuta abin da tafiyar za ta ci a motarka: mai zuwa da dawowa, direba, yaron mota, kuɗin tasha da na ƙungiya, harajin ƙaramar hukuma, da abin da za ka riƙa cirewa kullum don taya da baƙin mai da gyara. Maganar mai ba ƙarama ba ce. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙara sama. Tsohon inji mai kafireto da ba a saita ba, yanzu shi kaɗai ya isa ya cinye ribar tafiya. Injin gas ya fi tsimin mai, ya fi jan kaya, amma gyaran famfonsa da nozil ya fi tsada.

In kayanka ba su wuce tafiya biyu a mako ba, sai ka san wanda zai ba ka shata a sauran kwanaki tun kafin ka saya. In babu, ci gaba da biyan dako ya fi maka.

Fasali na 3: Takardu kafin ƙarfe

Kafin ka buɗe banat, ce a nuna maka takardu. Ga waɗanda za ka nema: takardar mallaka, da lasin mota, da takardar lamba, da inshora, da takardar lafiyar mota ta V.I.O., da takardar kwastan in daga waje aka shigo da ita. Wadda aka haɗa a Kaduna ba ta da takardar fito irin ta 'yar Kwatano, amma ka nemi takardun cinikin da suka nuna hannuwan da ta bi. In gwanjon ma'aikata ce, sai da takardar gwanjo. A Nijar kuwa, kart-giris da takardar duwan.

Ɗauki lambar shasi da ke takarda ka gwada da wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi, harafi da harafi. Ba wadda ke kan ɗan faranti kaɗai ba, don faranti ana cire shi a maƙala wani. Goge wurin da tsumma da ɗan kananzir. In ka ga alamar an goge da dutse, ko an yi walda kewaye da lambar, ko haruffan ba su daidaita a layi ba, yi sallama ka tafi. Motocin da aka yi daga wajen 1981 zuwa yau yawanci lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa harafin I da O da Q a ciki. Farkon lambar yana faɗin asali: VF3 Peugeot ce, JT Toyota ta Japan, MR0 ta Tailan, AHT ta Afirka ta Kudu. Lambar inji ma a gwada. In an taɓa canza inji, ina rasidinsa?

A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kuma motoci da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu. Saboda haka kai takardar ofishin kwastan a duba maka, ka kuma bincika wajen 'yan sanda ko ba a ba da cigiyarta ba. Wanda aka kama da motar sata, kuɗinsa sun tafi, ga kuma zaman caji ofis, ko da bai sani ba.

Fasali na 4: Shasi da bodi

Je duba mota da hantsi, ba da magariba ba, ba kuma cikin ruwan sama ba, don duhu da ruwa suna rufe aibin fenti. Tafi da bakanikenka na kanka wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba.

Ka sani inji ana canza shi, giya ana canza ta, amma shasi shi ne motar. Shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Bubbuga ƙarfen tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa rau, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji dum, har ɓarɓashi ya zubo. Wuraren da suka fi karyewa su ne bayan kan direba inda nauyi ke lanƙwasa mota, da inda aka rataya sifirin, da saman bakasil. In ka ga sabon baƙin fenti ko kwalta a ƙarƙashi alhali sauran mota ta tsufa, akwai abin da aka rufe. Walda ɗaya da aka yi da kyau aka ɗora faranti ba ta hana ciniki, sai dai ta rage kuɗi. Amma shasin da aka yanke aka haɗa biyu, ko na kyauta ne kada ka karɓa.

Ɗauki igiya ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. In tsawon bai zo ɗaya ba, ta taɓa yin hatsari ko bakasil ya goce, kuma za ta riƙa cin taya har abada.

Tambayi irin kayan da ta saba ɗauka. Gishiri da takin zamani da kanwa da ɗanyar fata suna cin ƙarfe. Wadda ta zauna a bakin teku, ko ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya saboda ƙanƙara, ita ma tsatsa ta riga ka. Ɗaga tabarmar ƙasan direba, duba ƙasan ƙofofi da wurin batir. Riƙe ɗan maganaɗisu ka bi jikin bodi da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika aka shafe da fenti.

Fasali na 5: Inji

Ka roƙi kada a tayar da ita sai ka zo. Da isarka sa hannu a jikin inji. In da ɗumi, an riga an tayar don a ɓoye wuyar tashi da hayaƙin safe, sai ka dawo wata rana da sassafe.

Kafin a murza makulli, zaro sandar baƙin mai. In man ya yi kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, watau gaskit ya ƙone ko kan silinda ya tsage. Murza shi a yatsu. In ya yi kauri kamar zuma, ko yana warin man giya, an zuba mai kauri don a kashe ƙara da hayaƙi. Buɗe lagireto tun inji na da sanyi, kada ka kuskura ka buɗe da zafi. Ruwa ja mai tsatsa alamar rashin kula ne, mai yana yawo a sama kuwa alamar gaskit.

Sai a tayar, kai kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi iri uku ne. Shuɗi, inji na cin baƙin mai, ringi ko silif sun gaji. Fari wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Baƙi, mai ne ya yi yawa, kafireto ko nozil ko matatar iska, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Jar fitilar mai ta mutu da zarar inji ya tashi. In tun farko da aka murza makulli ba ta kama ba, ƙila an cire mata waya ne da gangan. Cire murfin zuba baƙin mai inji na aiki. In yana huro hayaƙi fuf-fuf kamar tukunya, garambawul na nan tafe. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji wadda ke ƙaruwa in an taka totur, metal ne da karanshaf. In bakanikenka yana da agogon awon ƙarfin silinda, a auna duka huɗu. Abin so su zo kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

Kada ka dogara da agogon kilomita, ana mayar da shi baya. Duba robar birki da ta kuloci, da sulɓin sitiyari, da yadda kujerar direba ta lotsa. Su ba sa ƙarya.

Fasali na 6: Gwajin hanya

Ba a cinikin biri a sama. Mota in babu kaya kowacce lafiyayya ce, saboda haka nemi izini a loda mata ko da buhu 5 ko 6, a yi tafiyar rabin sa'a, a bi kwalta, a bi gargada, a hau tudu.

Gwajin kuloci: ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali. Inji ya mutu, kuloci na da rai. In ya ci gaba da aiki, faranti ya cinye. A shiga kowace giya har da ribas. A cikin tafiya a taka totur a saki da sauri, in giya ta fita da kanta, akwatin giya na neman buɗewa. Kuka daga baya mai tashi in an taka, ya sauka in an saki, bakasil ne. Ƙwas lokacin tashi ko canza giya, kuros ɗin furofela ne. A fili mai lafiya a ɗan sassauta riƙon sitiyari a gani ko tana ja gefe, a taka birki a gani ko tana karkata. Kai kuma bi ta a baya da babur ka duba ko tana tafiyar kaguwa. Ido a kan allurar zafi duk tsawon tafiyar. Da an dawo a bar ta tana aiki minti goma a kan busasshiyar ƙasa, sa'an nan a matsar da ita a duba abin da ya ɗiga.

Duk aibin da aka gani a rubuta, bakanike ya sa masa kuɗi. Wannan takardar ita ce makaminka wajen tayi.

Fasali na 7: Ciniki da haƙƙin dillali

A nan muna da magana da 'yan'uwanmu dillalai. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma dillalin da ya sani ya yi shiru ya shiga cikin alhakin. Aibin da aka ɓoye, in ya bayyana daga baya, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Haka nan haramun ne a kawo wani ya yi tayin ƙarya don a ɗaga kuɗi alhali ba saye zai yi ba. La'adar ciniki ɗaya ba ta kai sunanka ba. Alhajin da ka haɗa da motar kirki, shi zai kawo maka ƙaninsa da surukinsa baɗi.

Kai kuma mai saye, a yanke maganar la'ada tun farko: nawa ce, kuma wa zai biya. Ka nemi ganin mai motar ido da ido, wanda sunansa ke takarda, ko wakilinsa mai shaida. In motar gado ce, sai da yardar magada. Kada ka ba da kafin alƙalami sai takardu sun tabbata, kuma a rubuta sharaɗin mayar da shi. Ran biya a yi takardar ciniki mai ɗauke da sunaye, da lambar shasi, da lambar inji, da lambar mota, da kuɗi, da kwanan wata, da aibobin da aka bayyana, shaidu biyu su sa hannu. Biya ta banki ya fi, don yana barin shaida. Kada mako ya zagayo ba ka yi canjin mallaka ba. In an ce maka wani na zuwa da kuɗi yanzun nan, ce Allah Ya ba shi sa'a. Mota ba ta ƙarewa a kasuwa.

Fasali na 8: Gyara bi da bi

Yawancin mutane da sun saya sai wajen mai fenti da mai rubutun bayan mota. Wannan shi ne ɗaura wa mara lafiya rawani. Ga yadda ya kamata a bi.

Na farko, abin da ke tsare rai: birki, da sitiyari, da taya. A canza takalman birki da robobi da tiyo, a zubar da tsohon man birki a sa sabo. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a madadin man birki yana cin ƙarfe, kuma yana tafasa a gangara birki ya tafi. A duba tayarod da boljoyin da boris na ƙafafu. Taya a nemi ta ɗaukar kaya, mai alamar C ko LT ko 8PR, ba ta ƙaramar mota ba. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu a cikin ɗan zobe: 2322 ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba.

Na biyu, shasi da sifirin da shokozoba. Duk waldar da za a yi a gama ta yanzu, a kankare tsatsa, a shafa jan fenti na ƙarfe.

Na uku, hanyar ruwa. Zafi shi ne ajalin inji a ƙasarmu, balle a watan Maris da Afrilu. A buɗe lagireto a wanke, a canza tiyo da murfi da fanbel, a duba famfon ruwa. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe lagireto, a sa ruwan sanyaya inji na kanti.

Na huɗu, inji. In hayaƙi kaɗan ne, a fara da juye, da matatar mai da ta iska, da fulogi, da saitin kafireto, a yi wata guda ana lura da yawan man da take ci. In garambawul ya zama dole, injin fetur na Fijo 404 da 504 yana da sauƙi guda: silif ɗinsa zarewa ake yi, a sa sabo tare da fistin da ringi. Kansa kuwa na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi, saboda haka a kai a auna shi kafin a ɗaura sabon gaskit. Karanshaf ma a kai wa masu injin wanki su auna, a sayi metal daidai da awon, ba da ka ba. Injin gas na Hilux irin 2L da 3L da 5L da bel yake aiki, ba da sarƙa ba. In ba ka san ranar da aka canza bel ɗin ba, canza shi yau, don in ya tsinke a tafiya bawul da fistin za su yi karo. Wani lokaci injin Beljiyam ya fi garambawul sauƙi, amma a tayar da shi a gabanka, a ba ka kwanakin gwaji a rubuce, da rasidi mai lambar inji.

Na biyar, kuloci da giya da bakasil. In an riga an sauke inji, a canza faranti da boris na kuloci gaba ɗaya, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Na shida, waya. A sa mai gyaran waya ya cire duk ƙulle-ƙullen leda, ya mayar da fis na gaskiya inda aka naɗa waya, don nan gobara ke tashi. Na bakwai, daɓen baya da ƙarafunan rumfa da tamfol. Fenti shi ne na ƙarshe. In ka canza launi ko inji, a gyara takardu.

Fasali na 9: Kayan gyara da bakanike

Kayan gyara iri uku ne: sabo na asali, da na Beljiyam, da sabo na jabu. Ana samunsu a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Fanteka ta Kaduna, da Ladipo ta Ikko, da Nnewi. Araha ba ta ado. A birki da sitiyari da gaskit da metal da bel, sai na asali. A ƙofa da fitila da kujera da bamba, na hannu ya wadatar. Tafi da tsohon ƙarfen ka gwada da sabon, kuma ka je tare da bakanike, kai ka biya da hannunka, ka karɓi rasidi. Duk abin da aka cire a dawo maka da shi.

Kada ka ba bakanike kuɗin aiki duka a farko. A yi jinga a kan kowane aiki, a sa rana, a ba da rabi, saura in an gama. Ka riƙa leƙawa kullum, don motar da mai ita ba ya zuwa, ita ake ciro wa ƙarfe a gyara ta wani. Shi ma bakanike in ya yi aikin kirki a biya shi haƙƙinsa ba ja-in-ja.

Fasali na 10: Bayan ta fito

Injin da aka yi wa garambawul jariri ne. Kilomita 1,000 na farko rabin lodi, ba gudu. Bayan nan a juye mai, a canza matata, in Fijo ce a sake ɗaure kan silinda a saita bawul. Daga nan juye duk kilomita 3,000 zuwa 5,000 gwargwadon ƙurar hanya, da hunturu kuma a riƙa kaɗe matatar iska a kai a kai. Kowace safiya direba ya duba ruwa da baƙin mai da man birki da iskar taya kafin ya murza makulli.

Maganar lodi kuma, ƙara ganyen sifirin yana hana mota zama, amma bai ƙara wa bakasil ƙarfi ba, bai ƙara wa birki ba, bai ƙara wa taya ba. Ribar buhu biyar na ƙari ba ta sayen bakasil ɗaya. Kuma mutanen da ake ɗorawa a saman kaya rayuka ne, za a tambaye ka.

Sayi ɗan littafi ka ajiye a motar. Kowace tafiya a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuɗin mota dabam, kuɗin shago dabam. Bayan wata shida zauna ka duba. In tana ciyar da kanta har da saura, alhamdu lillahi. In kuwa shago ne ke ciyar da ita, sayar tun tana tafiya da ƙafarta, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke jikinta kamar yadda ka so a faɗa maka.

Allah Ya tsare mu da asara, Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a cikin nema. Wassalam.